Zare: Na ƙara wa PS3 ɗin yayana gudu, ta mutu a hannuna

1/ Jama'a, yau kwana 9 ke nan da na kashe PS3 ɗin gidan gem ɗin yayana. Ba faɗuwa ta yi ba, ba ruwa ne ya shige ta ba, ba kuma wuta ce ta zo da ƙarfi ba. Ni ne na zauna da filash da ɗan guntun sanina na ƙara mata gudu. Ku gyara zama, zaren na da tsawo. 🧵

2/ Abin da ya sa na fasa yin shiru: wani sabon yayi ya shigo Dutse. Kana zaune a gidan gem sai wani ya zo ya ce a ba shi dubu kaza ya sa wa PS3 "tobo", wai za ta koma kamar PS4. Na ji maganar a Takur, na ji a Gida Dubu, wani abokina ya ce har Shuwarin da Kiyawa ta kai.

3/ Ra'ayina tun kafin mu yi nisa: obakulok gaskiya ne, yana aiki, ba tsafi ba ne. Amma ga PS3 ɗin da ake neman abinci da ita, a shagon kwano, a zafin Jigawa, ana buga PES daga safe har dare, asara ce tsantsa. Wanda ya karɓi kuɗinka ya yi maka, hayaƙi ya sayar maka.

4/ Bari mu fara da mene ne abin. A cikin PS3 akwai manyan cif guda biyu. Na farko Cell, shi ne mai lissafi, Sony da Toshiba da IBM suka haɗu suka ƙera shi. Na biyu RSX, shi ne mai zana hoton da kake gani a talabijin, aikin Nvidia ne, ɗan gidan su GeForce 7800 na kwamfuta.

5/ Kowane cif yana da agogo a ciki da ke buga masa ganga, shi kuma yana taka rawa a kan bugun. RSX na tafiya a kan megahaz 500, ma'ajiyar hotonsa kuma 650. Ma'ana sau miliyan 500 a kowane sakan ɗaya. Obakulok shi ne ka ce wa makaɗin ya ƙara sauri.

6/ Wani abin lura: lokacin da Sony ta fara nuna PS3 a 2005, cewa ta yi RSX zai yi 550. Da na'urar ta fito kasuwa a Nuwamba 2006, 500 aka gani. Kamfanin da ya ƙera abin, da injiniyoyinsa da ɗakunan gwajinsa, shi da kansa ya ja baya da 50. Ku riƙe wannan.

7/ To ta yaya ake ƙara gudun? Lambobin nan suna zaune ne a can ƙasan babbar manhajar na'urar, inda Sony ta kulle. Sai an cire manhajar kamfani an sa wadda 'yan baiwa suka gyara, wato CFW. Wadda ta fi tashe yanzu ita ce ta Evilnat. A cikin irin ta ake samun 600/750 da ma sama da haka.

8/ Yadda aka yi ƙofar ta buɗe ma labari ne mai daɗi. A Disamba 2010, a wani taro a Balin ta Jamus, wasu matasa masu suna fail0verflow suka nuna cewa Sony ta yi kuskure a makullinta. Akwai lambar da ya kamata ta riƙa canjawa duk sa hannu, su kuma suka bar ta guda ɗaya tak.

9/ Kamar mai gadi ne da aka ce ya riƙa canja kalmar sirri kullum, shi kuma ya ce kai, wahala, a bar ta jiya. 😂 Daga nan George Hotz ya saki makullin a intanet a farkon 2011, Sony ta maka shi kotu, suka sasanta a Afrilun shekarar. Duk gem ɗin da ake loda mana a ma'ajiya yau, jikokin wannan kuskuren ne.

10/ Amma ba kowace PS3 ke karɓar CFW ba. Masu ƙiba na farko duk suna karɓa. Siraran CECH-2000 da 2100 suna karɓa, da yawancin 2500. Daga 3000 zuwa sama, har da mai murfin ja-ka-rufe ɗin nan ta 2012, HEN kawai ake sa musu. Shi kuma HEN hannunsa bai kai inda agogon yake ba.

11/ Saboda haka idan wani ya karɓi taka 'yar 4000, ya shiga ɗaki da filash, ya fito bayan minti 10 ya ce ya sa mata tobo, fentin menu kawai ya canja maka. Irin waɗannan sai an buɗe su an liƙa wani ɗan allo da dalma. Juya taka ka karanta lambar da ke baya kafin ka ciro kuɗi.

12/ Yanzu lissafi, kar ku gudu, ba GST ba ne. Daga 500 zuwa 600 ƙarin kashi 20 cikin 100 ne. Idan gem na ba ka firem 25 a sakan, kuma RSX ne ke riƙe shi, mafi girman abin da za ka samu shi ne 30. Wannan idan komai ya tafi daidai ke nan. Daga 25 zuwa 30, ba 60 ba, ba PS4 ba.

13/ Kuma gaskiya 25 zuwa 30 ido na gani. Na gwada a GTA V, wurin da mota ke gudu a tsakiyar gari hoto na ɗan sarƙewa, ya yi laushi kaɗan. Ba zan yi muku ƙarya ba, daren farko har murmushi nake ni kaɗai kamar wanda ya ci JAMB da 300.

14/ Matsalar ita ce sharaɗin nan: "idan RSX ne ke riƙe shi". Sau da yawa ba shi ba ne. Wani gem Cell ne ya gaji. Wani ma'ajiya ce ta cika, don PS3 megabait 256 gare ta na aiki, 256 na hoto, shi ke nan. Wanda ya buga Skyrim ya san yadda take rarrafe in sef ya yi girma. Ko 900 ka kai agogo ba zai warke ba.

15/ Misali da Keke Napep: ka ƙara wa inji ƙarfi, amma hanyar kasuwa ta cushe ranar cin kasuwar Shuwarin. Ƙarar inji za ta ƙaru, mai zai ƙone, amma kana nan inda kake a bayan motar awaki.

16/ Ga inda maganar ta fi yi mini ciwo. Me ake bugawa a gidajen gem ɗinmu? Ƙwallo. PES da FIFA, sai ɗan Mortal Kombat in an gaji. PES 2018 ce ta ƙarshe da ta fito wa PS3, FIFA 19 ce ta ƙarshe a nata ɓangaren. Duk sababbin riguna da 'yan wasan da kuke gani faci ne aka ɗora a kan tsoho.

17/ Kuma waɗannan, a cikin fili lokacin wasa, dama firem 60 suke bayarwa, an kuma kulle su a nan. Talabijin ɗin shagon ma 60 yake iya nunawa. To ina ƙarin zai tafi? Babu inda za shi. Cif ya gama aikinsa da wuri ya tsaya jiran firem na gaba. Riba sifili.

18/ Wai kuma "PES ɗina na daɗewa kafin ya buɗe". Wannan ba aikin RSX ba ne, ɗan'uwa. Ma'ajiyar ce ta tsufa, ko facin ya yi nauyi. Ka canja ma'ajiya za ka ga bambanci. Ƙara wa mai fenti sauri ba ya sa mai ɗauko bulo ya yi sauri.

19/ Ni na san duk wannan fa kafin na yi. Abin kunyar ke nan. Na sani, amma hannuna na ƙaiƙayi.

20/ Yaya na da PS3 huɗu da PS4 ɗaya a shago. Uku sirara ne, ɗaya ce mai ƙiba, CECHH, 'yar gwanjo, irin ta wajen 2007. Ta girmi yawancin yaran da ke buga ta. Sirara biyu HEN ne a kansu, ɗayar kuma ita ce ta fi ciniki ba zai bari na taɓa ba. Sai idona ya faɗa kan tsohuwar.

21/ Na ce, "Yaya, ka ba ni ita dare ɗaya, wallahi gobe ba za ka gane ta ba." Ya ce, "Kai dai Injiniya, ka bar mini abata tana tafiya a haka." Na nace, na nuna masa bidiyo a YouTube. Ya ce, "To, amma in ta lalace kai da Umma." Muka yi dariya. Ashe ba abin dariya ba ne.

22/ Tsakiyar Afrilu ne. Wanda bai san Dutse a Afrilu ba, bari na gaya masa: rana ta wuce digiri 40, duwatsun da suka ba garin suna su sha zafi yini guda, da daddare su amayo mana shi. Ƙarfe 11 na dare kana kwance a waje kana gumi. Shagon kuma rufin kwano ne, babu silin.

23/ Yanzu ku je ku duba littafin da ke zuwa da PS3. Sony ta rubuta a yi amfani da ita tsakanin digiri 5 zuwa 35. Talatin da biyar. Ma'ana tun kafin na taɓa komai, iskar da fankarta ke zuƙa da azahar ta riga ta tsallake iyakar kamfani. Na'urar dama a kan bashi take rayuwa.

24/ Ka tuna fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar ɗaki take ɗauka ta busa wa ƙarfe. In iskar ɗaki ta ƙaru da digiri 15, cif ma zai ƙaru da kusan hakan, ko fanka ta ƙara ihu don ta cike giɓin. Mai bidiyon da na nuna wa Yaya sanye yake da rigar sanyi a ɗakinsa. Ban lura ba sai daga baya.

25/ A yi adalci: obakulok na manhaja ba ya ƙara ƙarfin wutar da ke shiga cif, sauri kawai yake ƙarawa. Don haka zafin ba ninkawa yake ba, 'yan digiri ne. A Jamus ko Kanada 'yan digirin nan ba komai ba ne. A wurinmu su ne tazarar da ta rage tsakanin na'ura da kabari.

26/ Sai matsala ta biyu, wadda ta fi zafin ma muni. RSX iri-iri ne. Na farko nanomita 90 ne, sai 65, sai 40, can ƙarshe 28. Duk sanda lambar ta ragu, cin wuta da zafi sun ragu. Mai ƙiba ta farko na shan kusan wat 200 in ana wasa, siraran baya ba sa kai 100.

27/ Masu nanomita 90 su ne CECHA, B, C, E, G da H. Tamu H ce. 🙃 Kuma waɗannan suna da ciwon gado. Tsakanin ƙwayar cif da faifan da take zaune a kai akwai ƙananan ɗigon dalma, da wani gam da ke riƙe su. In zafi ya yi yawa gam ɗin ya saki, ɗigon su riƙa motsi.

28/ Kunna, zafi, buɗewa. Kashe, sanyi, tsukewa. Yau da gobe sai ɗigo ɗaya ya tsage, kamar yadda kake lanƙwasa waya gaba da baya har ta karye. Shi ya sa masu gyaran da suka san abin ke cewa kar a bar RSX na 90 ya riƙa wuce digiri 70.

29/ Ba PS3 kaɗai ba ce, ciwon zamanin ne. A 2007 Microsoft ta ware sama da dala biliyan 1 saboda jan zoben Xbox 360. A 2008 Nvidia ta ware kusan dala miliyan 200 saboda cif ɗin hoto na laftof da ke mutuwa. Manyan kamfanoni sun sha wuya a kan zafi, ni kuma ɗan aji uku na ce zan iya da filash.

30/ Ku ƙara da yanayin wutarmu. A ɗauke, a tada inji, a kawo, a kashe inji, mai ya ƙare a tsakiyar wasa. Kowane ɗaya zagaye ne na zafi da sanyi. PS3 ɗin wani a Ingila ana kunna ta sau ɗaya da yamma. Tamu a rana ɗaya sai ta mutu ta tashi sau shida.

31/ Sai ƙura. Hunturu ya wuce ya bar mana tsarabarsa a cikin kowace na'ura. Da na buɗe tamu daga baya, abin da na tarar a jikin ƙarfen sanyaya ya isa a shuka gero. Man da ke tsakanin cif da ƙarfen kuma ya bushe ƙamas kamar tsohuwar ƙuli-ƙuli. A haka na ƙara mata gudu, ban ko buɗe ta ba.

32/ To na sa 600/750. Kwana 12 tana aiki. Yara ba su ga wani bambanci a PES ba, ko ɗaya bai ce uffan ba. Abin da kowa ya lura da shi shi ne fanka, wani yaro ya ce, "Yaya, jirgin Hajji zai tashi ne?" Ni kuma ina gefe ina cewa alamar ƙarfi ce.

33/ Rana ta 10 aka fara ganin ɗige-ɗige kore a kan ciyawar fili, wani lokacin fuskar ɗan wasa ta miƙe kamar an ja ta da zare. Wannan ita ce na'ura ke cewa don Allah ka sauke ni. Yaya ya kira ni, na ce wayar HDMI ce. Ina da jarrabawar gwaji a makon, na ce sai Asabar.

34/ Ba ta kai Asabar ba. Ranar Alhamis bayan la'asar, ana tsakiyar wasan da aka yi musu a kansa, hoto ya tsaya cak. Aka kashe aka kunna: kore, ɗan rawaya, ƙara uku, sai ja na ƙiftawa. Duk wanda ya taɓa riƙe PS3 ya san wannan fitilar. Inna lillahi.

35/ Yaya bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Injiniya, an gama?" Sai ya ɗauke fad biyun ya sa a durowa, ya mayar wa yaran kuɗinsu.

36/ Ku gane me aka rasa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, inji ne ke cinye ribar gidan gem. Kuma inji bai san ko talabijin biyar yake ja ko huɗu ba, kusan man ɗaya zai sha. Kujera ɗaya ta zama babu kowa, kuɗin mai na nan yadda yake. Daga wannan shagon ake cefane, daga nan ake turo mini na handawut.

37/ Duk wanda na tambaya a Dutse sai ya ce sai Kano. Na hau mota ta Kwanar Huguma da Wudil da ita a cikin jakar makaranta kamar mai kai mara lafiya. Wani ya ce a ba shi ya busa mata wuta da bindigar zafi, za ta tashi. Na ce a'a, don wannan na san shi.

38/ Busa zafi na sa tsagaggen ɗigon ya ɗan haɗe na wani lokaci. Ta tashi, ka biya, ka dawo Dutse da murna, bayan sati uku ta koma. Irin su ne ake gyarawa a sayar wa wanda bai sani ba. In za ka sayi mai ƙiba 'yar gwanjo ka ga an taɓa ɓalle tambarin baya, ka yi tambaya sosai.

39/ Wani bawan Allah dattijo ne ya yi mini abin da ya dace. PS3 na da wani ƙaramin cif, SYSCON, da ke rubuta dalilin duk mutuwar da ta yi. Ya jona wayoyi ya karanta a kwamfuta: 3034. Wato Cell da RSX sun daina jin juna. Ya ce, "Ɗana, ba kafasita ba ce. Mai hoton ne."

40/ Na ja wannan ne don an saba cewa duk rawayar fitila kafasitocin NEC/Tokin ne, a canja su. Wani lokacin su ne, lambar kan nuna 1002. Amma canja su ba tare da an karanta SYSCON ba kamar shan maganin maleriya ne don kai na ciwo. Ka nemi a karanta maka lamba kafin a kunna dalma.

41/ Gyaran gaskiya shi ne a cire RSX ɗin a dasa na nanomita 40 daga wata siririya. Ana yi a duniya, amma aiki ne na injin musamman da hannu mai natsuwa, kuma kuɗinsa ya fi na sayen wata siririyar. Ga CECHH da ba ta ma karɓar faifan PS2, babu lissafin da zai fitar da kai.

42/ Wani zai ce, "Ai dama za ta mutu, ba kai ba ne." Na gode da lallashi. E, a bakin rami take tun kafin na zo. Amma wanda ya ga tsohuwa a bakin rami ya ce mata ta yi tsere, ba zai ce ba ruwansa ba. Kuma ta yi mini gargaɗi kwana biyu na ce wayar HDMI ce.

43/ Akwai wani haɗarin da ni Allah ya tsare ni. In ka sa manhajar da gudunta ya fi ƙarfin cif ɗinka, tana iya ƙin nuna hoto gaba ɗaya, har wurin da za ka shiga ka mayar da tsohuwar. Sai an buɗe ta an sake rubuta mata ƙwaƙwalwa da na'ura irin E3 Flasher. Mutum nawa ne ke da ita a Jigawa?

44/ Kuma cif biyu 'yan gida ɗaya ba sa jure abu ɗaya. Na abokinka ya ɗauki 700 lafiya lau, naka ya fara zane-zane a 650. Sa'a ce ta ranar ƙira. Don haka "na yi wa mutum goma ba abin da ya faru" ba hujja ba ce. Ka tambaye shi su goman suna ina bayan wata shida.

45/ Yanzu ɗaya ɓangaren, don kar a ce na zama mai wa'azin a bar komai yadda kamfani ya ce. Ban zama ba. Na'urar da ka saya da kuɗinka taka ce. Ka buɗe, ka leƙa, ka canja. A kan wannan ina tare da 'yan CFW ɗari bisa ɗari.

46/ Ku tuna PS3 ta fito ne da damar sa Linux a kanta, Sony da kanta ta tallata hakan. Rundunar sojin saman Amurka ta haɗa guda 1,760 ta yi babbar kwamfuta da su a 2010. A Afrilun wannan shekarar Sony ta turo sabuntawa ta 3.21 ta ƙwace damar daga hannun waɗanda suka riga suka biya. Wa ya fara taɓa kayan wani?

47/ Kuma an sayar da PS3 sama da miliyan 87, an daina ƙera ta a 2017. Waɗanda Turai ta gaji da su ne ke sauka a wurinmu. Ba don CFW da HEN da webMAN ba, da yawancinsu shara ne. Mutanen da ke rubuta waɗannan kyauta su ne ke riƙe da gidajen gem ɗin Arewa ba tare da sun sani ba.

48/ Maganar loda gem ba tare da an saya ba kuma, na san za a tayar a ƙasa. Magana ce ta daban, kuma ba ni da bakin cewa muna da gaskiya a cikinta. Wata rana.

49/ Masu cewa duk ɓata lokaci ne, "ɗalibi da wasan yara", ku ma ga naku. Zafi da gudun agogo da ƙarfin wuta na karanta su a aji na haddace na zubar a takarda. Ban gane su ba sai da na ga lamba tana hawa a kusurwar talabijin ina jin fanka na kuka. Yaran da ke gyaran waya a Farm Centre da masu kwamfuta a titin Beirut ta wannan hanyar suka koya.

50/ Kuskurena ba son sani ba ne. Kuskurena na yi gwaji a kan abin da ake ci da shi, wanda ba nawa ba, ba tare da na auna komai ba. Ko zafinta na farko ban rubuta ba. Da malamin lab ya ga yadda na yi, sifili zai ba ni tun kafin ta mutu.

51/ In kai mai gidan gem ne, ga inda kuɗin tobo ɗin zai yi maka amfani. A buɗe ta a share ƙura bayan kowane hunturu. A canja man sanyaya da mai kyau, ba farin nan na ɗari biyu ba. A sa webMAN MOD a ɗaga fanka, ya riƙa nuna maka zafi. Gara ihun fanka da shirun na'ura.

52/ Sannan don Allah ku fitar da su daga akwatin katakon nan da ake kullewa saboda ɓarayi. Na gane dalilin, amma tanda ce kuka gina mata, iskar da ta fitar ita take sake shaƙa. A yi keji na ƙarfe mai raga, a ɗaga ta daga ƙasa, a bar tazara a bayanta. Kuma a kashe ta da hannu kafin a juya layi zuwa inji.

53/ Mai CECHA zuwa H kuma: tsakanin azahar da la'asar a watan Afrilu da Mayu, ka ba ta hutu. Na san lokacin yara ke tasowa daga makaranta. Ka tura su kan sirara. Cinikin awa biyu bai kai kuɗin na'ura ba, ni shaida ne.

54/ Wani zai ce a ɓalle murfin ƙarfen da ke kan cif ɗin a canja man da ke ƙasansa. Yana rage zafi sosai, gaskiya ne. Amma kuskuren reza ɗaya ya yanke layi, shi ke nan. Kar ka fara koyo a kan mai rai. Nemi matacciya. Ina da guda ɗaya yanzu. 😭

55/ In kuma taka ce ta ɗaki, siririya 2100 ko 2500 mai nanomita 40, ka share ta, ka canja mai, kana buga irin su GTA V ko Red Dead Redemption, kuma in ta mutu ba wanda zai kwana da yunwa: bisimilla. Sababbin fitowar Evilnat ma suna barin ka canja gudun daga menu, ba sai ka sake sa manhaja ba.

56/ Amma ka hau a hankali, mataki ɗaya, ka buga awa guda kana kallon zafi. Ka ga ɗigo ɗaya da bai kamata ba, ka sauko nan take, kar ka ce wayar HDMI ce. Kuma ka yi gwajin da rana a watan zafi. Abin da ya zauna lafiya a sanyin Janairu ba lallai ya tsallake Afrilu ba.

57/ Ni dai yanzu an yanke mini hukunci a gaban Umma: duk Asabar da Lahadi ni ne a shago ba albashi har sai an haɗa kuɗin wata. Na riga na share sauran ukun, ɗaya ta sauko daga 78 zuwa 66 da shara da sabon mai kawai. Yaya ya kalli lambar ya ce, "Da wannan ka fara, Injiniya."

58/ Mai siririya CECH-2500 ta sayarwa a Dutse, Kiyawa, Jahun ko Birnin Kudu, wadda ba a taɓa busa wa wuta ba, ya taɓa ni ta inbos da hoton lambar baya. Zan zo da filash ɗina na duba zafinta a gabanka kafin mu yi ciniki. Mai son matacciyar CECHH don koyon buɗewa kuma ya bari na gama da ita tukuna.